Kafin Dogo Ya Iso Jega: Sakatar da Ke Hana Jirgi Ɓatan Hanya

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin lodin albasa a Aliero, ko a bakin kasuwar Jega sa'ad da tirela ke son komawa da baya, ya san wannan aiki ko da bai san sunansa ba. Direba na zaune can gaba, gindin motar na can inda idonsa ba ya kaiwa. Yaron mota ne ke tsaye a gefe yana kaɗa hannu, yana cewa "taho, taho, taho," har ya buga jikin bodi da tafin hannu, motar ta tsaya, ya ruga ya cusa waigi a ƙarƙashin taya. A 'yan daƙiƙun nan direba da idon yaronsa yake gani. In yaron ya waiwaya zai amsa gaisuwar wani, to buhunan mutane ne za su tafi, ko ƙafar ɗan dako.

A reluwe wannan aiki yana da suna, shantin, yana kuma da dokokinsa da alamominsa da ma'aikatansa. Shi ne duk motsin da ake yi da inji da taragu a cikin tasha ko farfajiyar kaya ba da niyyar tafiya wani gari ba: a zaro tarago daga tsakiyar jeri, a kai shi bakin sito, a ɗauko wani a liƙa, a zagayo da kan jirgi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Fasinja ba ya lura da shi, ranar bukin buɗe tasha ma ba a ambatonsa. Amma babu buhu ɗaya da zai hau jirgi sai ta hannunsa.

Na san za a ce ina ruwanmu, tunda Jega da Aliero da Maiyama ba su taɓa jin kukan jirgi ba. Dogon da aka shimfiɗo daga Baro ya isa Kano a 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, kuma nan yake tsaye har yau, bai ƙarasa Sakkwato ba balle ya gangaro mana. Ta yamma kuwa, a Nijar, an shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso, aka yi bukinsa a 2016, sai dai bai zama hanyar da ɗan kasuwa zai dogara da ita ba. Duk da haka maganar dogo ba ta barin bakinmu. Duk ranar da babbar mota ta kife a hanyar Koko da Yawuri, ko kuɗin dakon albasa zuwa Kudu ya hau, sai ka ji ana cewa da akwai jirgi da ba haka ba. Gaskiya ce kuwa. Tun watan Maris na 2023, da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi damar shiga harkar reluwe, zancen ya zama abin da majalisar jiha za ta iya zama a kansa. To tunda muna roƙo, mu san abin da muke roƙa. Abin da albasar Aliero da shinkafar fadamunmu ke bukata shi ne layin gefe, inda za a ajiye tarago a yi masa lodi. Kuma duk inda layin gefe ya rabu da babban layi, a nan haɗarin reluwe ya fi taruwa.

Abu biyu ne suka raba jirgin ƙasa da mota. Na farko, ba shi da sitiyari. Ƙafafunsa na ƙarfe suna da leɓe ta ciki, leɓen nan ke bin jikin kwangiri, duk inda kwangiri ya nufa can za shi. Na biyu, ba ya tsayawa da wuri. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, shi ya sa inji ɗaya ke jan kayan da sai an jera tireloli da yawa kafin su kwashe, kuma santsin nan dai shi ke sa jirgi mai nauyi da ya ɗau gudu ya ci sama da kilomita guda kafin birki ya tsayar da shi. Direban da ya hango abu a gabansa da idonsa sau da yawa ya riga ya makara.

Wurin da layi ɗaya ke rabuwa biyu kuwa ga yadda yake: akwai kwangiri biyu da aka feƙe bakinsu ya yi siriri kamar harshe, an ɗaure su da sanda suna motsi tare. In aka tura su dama, harshe ɗaya ya manne da kwangirin gefensa, jirgi ya miƙe. In aka tura su hagu, ya karkata zuwa layin gefe. Wannan shi ne foyin. Muddin harshen ya manne sosai, lafiya lau. In ya tsaya a tsakiya, ko dutse ya shiga ya bar tazarar da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, leɓen ƙafa zai iya kutsawa ta nan, ƙafar dama ta bi wannan layi, ta hagu ta bi wancan, jirgi ya sauka ƙasa. Haka kuma in aka juya foyin alhali rabin jirgi ya wuce rabi bai wuce ba.

Ke nan mai tuƙin jirgi mutum biyu ne. Na cikin inji gudu da birki ne a hannunsa, na ƙasa shi ke zaɓen hanya. Sigina ita ce maganar da ke tsakaninsu. A farkon zamanin reluwe a Ingila, wani ke ɗaga sigina, wani ke juya foyin, ko mutum ɗaya ya yi ta kai da kawo tsakanin su biyun, kuma babu abin da ke tilasta wa sigina ta faɗi gaskiyar yadda foyin yake. Tana iya cewa "miƙe" alhali hanya ta karkata zuwa inda wasu taragu ke tsaye.

A 1856 wani Bature mai suna John Saxby ya yi rajistar dabarar da ta toshe wannan ƙofa. Aka tara libobin sigina da na foyin a ɗaki ɗaya, a jere, aka kuma sarƙe su da juna a ƙarƙashin daɓe. Wanda ya san sakatar ƙofa zai gane tsarin nan da nan. Kowace liba tana jan wani faffaɗan ƙarfe mai gurbi a gefensa, ga kuma 'yan sakatu da ke ratsawa a gicciye. In ka ja wannan liba, sai ta tura sakata ta shige gurbin waccan, waccan ta ƙi motsi ko da ƙato ne ya rungume ta. Ba za ta saki ba sai ka mayar da ta farkon. Wannan shi nake kira sarƙen makullai.

Abin da sarƙen ke tilastawa kaɗan ne, amma ba ya ɗaga ƙafa. Siginar shiga ba za ta ɗagu ba sai duk foyin da ke kan hanyar sun koma inda ya kamata, an kuma kulle su. Da zarar ta ɗagu, foyin ɗin sun daskare, ba mai juya su. Sigina biyu da za su kai jirage biyu wuri guda ba za su ɗagu lokaci ɗaya ba. Har foyin da ba a kan hanyar jirgin suke ba, na layin maƙwabta, sai an juya su ta yadda in tarago ya kufce daga can zai kauce maimakon ya faɗo wa mai wucewa a haƙarƙari. Daga baya aka ƙara wani kulli: in an ba direba hanya ya taho, ko da mai sigina ya canza shawara ya mayar da ita ja, foyin ba za su saki ba sai an jira wani ɗan lokaci, domin mai yiwuwa jirgin ya riga ya matso inda ba zai iya tsayawa ba. Kuma an ƙera komai ta yadda lalacewa za ta kai ga tsayawa. In wayar da ke jan hannun sigina ta tsinke, nauyi ne zai mayar da hannun ya ce "tsaya". Jirgi ya makara, fasinja su yi ƙorafi, amma kowa ya kwana a gida.

Kamfanoni ba su rungumi wannan da son ransu ba, don yana cin kuɗi. Sai da aka yi asarar rayuka 80 a Armagh ta ƙasar Ayalan ranar 12 ga Yunin 1889, da yawansu yara ne da aka fita da su yawon makarantar coci, bayan an raba jirginsu gida biyu a kan tudu rabin baya ya gangaro ya haɗu da mai tahowa. Cikin watanni uku majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba hukuma ikon wajabta abu uku a layukan fasinja: sarƙen makullai, raba hanya gida-gida ta yadda jirgi ɗaya kaɗai zai kasance a kowane gida, da birkin da ke kama kansa in jirgi ya rabu. Injiniyoyin da suka shimfiɗa mana dogo daga wannan makaranta suka fito.

Abin da ya fi burge ni a wannan dabara shi ne irin kallon da take yi wa ma'aikaci. Ba ta zarge shi da mugunta ba. Ta dai yarda cewa mutumin kirki ma yana gajiya, yana kwana bai yi barci ba, yana zuwa aiki da ɗansa kwance a gida, kuma wata rana hannunsa zai kai ga libar da ba ita ba. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Sarƙen shi ne cikon na goman, an zuba shi a ƙarfe.

Sai dai akwai abin da sakata ba ta sani ba. Ta san inda kowace liba take, ba ta san inda jirgi yake ba. Abin da ya faru a Quintinshill, kusa da iyakar Sikotilan da Ingila, da safiyar 22 ga Mayun 1915, shi ya fi nuna wannan giɓi, kuma shantin ne mafarinsa. Wurin yana da manyan layuka biyu, na zuwa arewa da na zuwa kudu, kowanne da layin gefensa. Wani ƙaramin jirgin fasinja ya iso yana nufin arewa, ga kuma manyan jirage masu sauri da suka makara suna bayansa suna son wucewa. Layin gefen da ya kamata a raɓe da shi jirgin kaya ya cika shi. Sai mai sigina ya yi abin da doka ta yarda da shi, ya sa aka tura ƙaramin jirgin da baya aka tsallakar da shi kan babban layin kudu, ya tsaya nan gaban ɗakin sigina. A daidai lokacin ake canjin aiki. Masu siginar biyu sun yi wata yarjejeniya a tsakaninsu ta jinkirta canjin ba da sanin manya ba, don haka wanda ya karɓi aiki ya duƙufa yana kwafe abin da ya wuce a cikin littafin rajista don kada a gane. Abin mamaki, a cikin ƙaramin jirgin nan ya zo aiki. Akwai wani ɗan zoben ƙarfe da doka ta ce a zura a wuyan libar sigina in jirgi na tsaye a layi, don hannu ya ji shi ya tuna. Ba a zura ba. Aka nemar wa jirgin sojoji mai zuwa kudu hanya, ya ba da, ya ja siginoninsa, sarƙen kuwa bai hana ba, domin ta fuskar libobi komai daidai yake. Jirgin sojoji ya afka wa na tsaye, bayan kamar minti ɗaya mai sauri daga kudu ya afka wa ɓaraguzan, wuta ta kama taragun katako masu fitilar gas. Sama da mutum 200 suka mutu, akasarinsu sojoji. Har yau ba a yi haɗarin jirgin ƙasa da ya fi shi muni a Birtaniya ba.

Maganin wannan mantuwa ya riga ya wanzu a lokacin, ba a dai sa shi a wurin ba. Tun 1872 William Robinson ya fito da shi a Amurka. Ana sakin lantarki mai rauni a kwangiri ɗaya ya zagayo ta ɗayan, ya riƙe wata 'yar na'ura a can ƙarshe. In ƙafafun jirgi suka hau, ƙarfensu ya haɗa kwangirin biyu, wutar ta yanke hanya, na'urar ta saki, sigina ta kulle a ja. In kwangiri ya karye ko batir ya mutu, nan ma na'urar sakewa za ta yi. Da haka jirgi ya zama shi ke ba da labarin kansa. A yau wasu layuka suna amfani da na'urar da ke ƙirga ƙafafun da suka shiga wani gida da waɗanda suka fita, in lissafi bai yi daidai ba hanya ba ta buɗewa.

Mu dawo kan shantin, domin a nan ne duk wannan kariya ke yin sako-sako, kuma dole ta yi. Babbar sigina alkawari take yi wa direba: hanya taka ce, babu kowa har sigina ta gaba. Mai shantin kuwa da gangan yake shiga layin da akwai taragu, tunda su ya zo ɗauka. Don haka aka yi masa siginarsa daban, 'yar ƙarama, sau da yawa a ƙasa kusa da foyin, don kada direban babban jirgi ya ɗauka tasa ce. A tsohon tsarin Ingila faifai ne fari mai jan layi a tsakiya: in layin na kwance, tsaya, in faifan ya juya layin ya karkace, taho. A na lantarki fararen fitilu biyu ne a karkace. A tsarin ƙasar Sin shuɗi ne tsaya, fari ne taho. Ko wanne ne, abin da take faɗa ɗaya ne, kuma ƙaramin alkawari ne: an juya maka foyin, amma ban ce babu kowa a gabanka ba, tafi a hankali yadda za ka iya tsayawa a iyakar abin da ake gani. Ana kuma kafa allo a bakin tasha da ke nuna iyakar shantin, wanda inji ba zai ƙetare ba, don kada ya leƙa kan hanyar jirgin da ke tahowa daga wani gari.

A cikin farfajiyar kaya kanta, galibin foyin da hannu ake juya su, ba su cikin sarƙen. Abin da ke tsare babban layi daga wannan hargitsi shi ne foyin tarko da ake sa wa a bakin fita. Kullum a buɗe yake zuwa ga ƙasa ko tulin yashi, sai an ba da izinin fita ake rufe shi. In tarago ya gangaro shi kaɗai, tarkon zai kayar da shi da gangan. An zaɓi a yi asarar tarago ɗaya da kayansa a kan a bar shi ya hau gaban jirgin fasinja. Wanda ya ga tarago kwance a bakin tarko kada ya ce tsarin ya gaza, aikinsa ya yi.

Ragowar kariyar duk a jikin mutane take, kuma a nan ne ma'aikacin shantin ya zama yaron motar da muka fara da shi. In inji na tura taragu daga baya, direba ba ya ganin komai, sai abin da mai shantin ya nuna masa da hannu ko tuta da rana, da fitila da dare, ko ta rediyo. Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: in direba ya daina ganin mai ba shi alama, ko muryar rediyo ta ɗauke, ya tsaya nan take. Shiru ba izini ba ne. Mutum ɗaya ne ke ba da umarnin motsi, amma kowa na iya ba da na tsayawa. Ba a shiga tsakanin taragu don haɗa ƙugiya ko tiyon birki sai komai ya tsaya cik, direba ya san akwai mutum a ciki. Ba a barin tarago sai an ɗaure birkin hannu, a kan gangare a ƙara da waigi. Ba a ajiye shi dab da mararraba inda kafaɗarsa za ta gogi mai wucewa a layin kusa, akwai alama a ƙasa da ke nuna iyakar. Kuma kafin a bi ta kan foyin hannu, sai an duba harshen da ido, ba a wadatu da cewa an ja mariƙi ba. Duk waɗannan ƙa'idoji masu sauƙin faɗa ne. Wahalarsu ita ce a yi su sau ɗari a rana, a cikin zafin bazara, mai kaya na tsaye yana roƙon a yi sauri. Garin Lac-Mégantic na Kanada ya rasa mutum 47 a watan Yulin 2013 saboda jirgin mai da aka ajiye da dare a kan gangare ba tare da isasshen birkin hannu ba.

Tsohon dogonmu na Arewa, mai faɗin milimita 1,067, layi ɗaya ne tilo, jirage ba sa wuce juna sai a tasha. A irin wannan layi izinin shiga tsakanin tasha biyu abu ne da ake riƙewa a hannu, sanda ko faifan ƙarfe mai sunan tashoshin biyu. Na'urorin da ke ajiye shi a ƙarshen nan da wancan a sarƙe suke ta waya, in an zare ɗaya ba a iya zare wani sai an mayar. Dabara ce mai kyau, amma ita ma tana bukatar ido. A Abermule ta Wales, a Janairun 1921, an miƙa wa direba faifan da ya shigo da shi, na zangon baya, bai karanta ba ya tashi, ya yi gaba da gaba da wani jirgi, mutum 17 suka rasu.

Sababbin layukanmu masu faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, sun zo a zamanin da sakatar ƙarfe ta koma lantarki, lantarki ya koma kwamfuta. Na'ura ce ke juya foyin, ma'aikaci na gaban allo yana danna hanya. Ƙa'idojin dai su ne na Saxby. Abin da ya canza shi ne kuskure ya koma inda ido ba ya gani. A jihar Odisha ta Indiya, ranar 2 ga Yunin 2023, sigina ta nuna wa jirgin fasinja kore alhali foyin na kallon layin gefe inda jirgin tama ke tsaye. Bincike ya danganta abin da kuskuren haɗa wayoyi a wurin gyara. Kusan mutum 300 suka mutu. Na'urar ta yi aiki ne da labarin da aka ba ta, labarin kuwa ƙarya ne.

Namu darasin ya fi kusa. Ranar 26 ga Agustan 2025 jirgin Abuja zuwa Kaduna ya sauka daga dogo a tashar Asham, jim kaɗan bayan ya bi ta kan foyin. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, an dai ji raunuka. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ya ce na'urar da ke juya foyin ɗin ba ta aiki a lokacin, da hannu ake juya shi a matse shi da maƙalin ƙarfe, kuma an tarar maƙalin ya karye. Juya foyin da hannu a matse shi hanya ce da kowace reluwe ta tanada don ranar da na'ura ta lalace. Amma ta wucin gadi ce, kuma tana da sharuɗɗa: a rage gudu sosai, wani ya duba da ido kafin kowane jirgi, a rubuta, a kuma gaggauta gyara. Abin da nake tsoro shi ne ranar da wucin gadi ya zama al'ada. A ranar an cire na goman nan, an mayar da rayukan ɗaruruwan mutane kan ƙarfe ɗaya da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, fasinja kuwa na zaune cikin sanyin tarago yana zaton kwamfuta ce ke tsaronsa.

Saboda haka in Allah ya kawo ranar da za a zana layin da zai bi ta ƙasarmu, ni ba zan fara da tambayar tsadar na'urar ba. Zan tambayi wa zai riƙe ta. Ƙurar hunturu da yashi suna cika tsakanin harshen foyin da kwangiri, sai an share an shafa mai. Ruwan damina a ƙasar fadama yana sa lantarkin kwangiri ya zurare, na'ura ta ce akwai jirgi alhali babu, kuma irin wannan ƙaryar mai yawa ita ke koya wa ma'aikata raina jar sigina. Layin gefen da ba a shiga sai lokacin kakar albasa zai yi tsatsa, tsatsa kuwa na iya hana na'ura jin tarago ko yana kai. Ga ɓarayin waya da na ƙarfe, ga wutar da ba ta tsayawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da magani, daga hasken rana da batir zuwa na'urar ƙirga ƙafafu, amma maganin na bukatar kuɗin shekara-shekara da ƙwararren da ke zaune kusa, wanda ba sai an kira shi daga Kaduna ba. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga cibiyar fasahar sufuri a Zariya, ga jami'ar sufuri a Daura. Yaran da za su iya wannan aiki ana iya fara shirya su tun kafin a aza kwangiri na farko.

Kuma ƙaramar tasha ba lallai sai ta sami kwamfuta ba. Akwai tsohuwar hanya mai arha da har yau ake amfani da ita a layukan karkara na ƙasashe da yawa, wato sarƙe da makulli. Mu ƙaddara akwai layin gefe a bayan garin Jega, taragu biyu cike da albasa suna jira, an ɗaure musu birki an sa waigi. Jirgin kaya ya iso ya tsaya a babban layi. Foyin shiga a kulle yake, makullinsa guda ɗaya ne tak, kuma yana maƙale a jikin na'urar da ba ta sakinsa sai siginonin da ke kare wurin sun tsaya a ja. Muddin yana waje, ba za su ɗagu ba. Mai shantin ya karɓo shi, ya buɗe, ya juya foyin tare da tarkonsa, makullin ya maƙale a nan ba ya zaruwa. Ya duba harshen, ya koma inda direba ke ganinsa, ya kira shi da hannu har inji ya taɓa tarago. Ya tsayar da shi, ya shiga ya haɗa ƙugiya da tiyo, ya cire waigi, ya kwance birki, ya fito. Aka jawo taragun aka liƙa a jikin jirgi, aka gwada birki har tarago na ƙarshe. Sannan ya mayar da foyin ya miƙe, tarko ya buɗe, sai a lokacin makullin ya yarda ya fito. Ya kai shi ya mayar a gurbinsa, sigina ta saki, direba ya busa, albasa ta kama hanyar Kudu.